Ɗinkin Koren Zare

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba zan fara yanzu da ba ya nan ba. A gida in zan yi maganarsa sai in ce "yaron nan", kowa ya san wanda nake nufi. Shi kuma Yaya yake ce mini, don haka ya ji ƙannen babansa suna kirana tun yana koyon magana. Da aka yaye shi, ɗakin kakarsa ya koma, mahaifiyar maigidana, a nan cikin gida ɗaya. Ita ke wasa da shi, ita ke yi masa faɗa a fili. Ni nawa in dafa, in zuba masa a langarsa, in rufe, in ajiye a ƙofar ɗakin Kaka.

Unguwarmu tana gefen garin Daura, in kwalta ta ƙare sai ka ƙara tafiya. Kwata ce ta raba lungunmu biyu, ba ta gudu sai da damina. A bakin lungun akwai juji wanda na tarar da shi tun da aka kawo ni, a bayan jujin kuma wani kango da mai shi ya tafi ci-rani bai dawo ba. A kangon nan samarin da suka gagari iyayensu suke wuni. Ba sai na faɗi abin da suke sha ba. Kwalaben maganin tari da yara ke tsinta da safe sun isa.

Yana da shekara sha shida ya bar makaranta. Babansa dillalin awaki ne, yau yana kasuwar Mashi, gobe yana kasuwar Babban Mutum, bai cika kwana uku a jere a gida ba. Ya kai shi gareji, ba a jima ba ya yi faɗa da wani ya taho. Daga nan sai kango. An yi duka, an yi nasiha, an karɓo rubutu ya sha. Ni abin da na fi ganewa shi ne langa. Da can in na je ɗauka da safe sai in tarar an suɗe ta tas. Sai ya zama ina tarar da tuwon yadda na zuba shi, miya ta yi fata a sama. Kullum ina zubawa, kullum ina ɗumama wa ƙannensa. Ban yi wa kowa maganar ba. Amma duk safiya kafin in ɗaga murfin nan sai na tsaya na yi addu'a.

Cikin bazarar shekarar da ta biyo baya, wani saurayi ya yi sallama a zaure yana neman maigidan. Ba ya nan, sai Kaka ta ja sandarta ta fita. Ina tankaɗe kusa da ƙofa, duk abin da suka faɗa a kunnena. Ya ce shi mutumin Baure ne, a Kano yake zaune, fim yake shiryawa, kuma yaron gidan nan yake so ya fito a ciki.

"Fim?" in ji Kaka. "Rawa za ku sa mini miji ya yi? Wannan da ko tafiya bai iya ba, sai ka ce an ɗaura masa turmi a ƙafa?"

"Babu rawa, Kaka, babu waƙa."

"To fim ɗin me ke nan?"

"Labarin wani yaro ne a unguwar talakawa. Ya bar makaranta, ya faɗa cikin abokan banza, ba ya jin maganar kowa."

Kaka ta ce, "Ɗan nan, wa ya ba ka labarin gidanmu?"

"Wallahi babu kowa. A bakin famfo na gan shi yana faɗa da masu kurar ruwa. Idonsa nake so."

"Idon nan ja kamar gauta? Ɗauki, har da kan na ba ka."

Aka kira babansa a waya. Ya ce a je a ga mai unguwa, kuma shi sharaɗinsa guda, kada yaro ya bar sallah saboda wasa. Shi yaron da aka gaya masa, kafaɗa kawai ya ɗaga ya fice. Amma da yamma na hange shi tsaye a ɗakin Kaka gaban guntun madubinta, yana juya fuska hagu da dama.

Mai fim ɗin, wanda mutanensa ke kira darakta, ya zaga lungun da wayarsa. Ya ɗauki hoton juji, ya ɗauki kwata, ya ɗauki katangun da yara suka yi wa zane da gawayi. Da zai tafi ya ce ranar Asabar za su zo da kayan aiki, kuma don Allah kada a taɓa komai, a bar wurin yadda yake.

Mu duk mun ji wannan maganar. Amma mun ɗauke ta irin maganar baƙo ce, kamar in ya ce kada a wahala da girki shi a ƙoshe yake. Wa ya taɓa jin haka ya ƙi ɗora tukunya?

Washegari Kaka ta bi gida-gida. Ta ce duniya za ta gan mu, za a kalle mu a Kano da Katsina har da Maraɗi, kuma ita dai ba za a ce unguwar da ta tsufa a ciki ƙazamai ne ba. Ban taɓa ganin lungunmu ya tashi kamar wannan karon ba. Maza suka naɗe wando suka shiga kwata da shebur. Mata muka aika yara da tsintsiya da manjagara, mu kuma muka jiƙa farar ƙasa a cikin gida muna miƙawa ta zaure. Jujin da ya gagari kowa tsawon shekaru, aka yi ta kwasarsa a baro da amalanke ana kai wa masu gona, abin da ya rage aka ƙone. Mai shagon bakin lungu har shuɗin fenti ya saya wa ƙofarsa. Ranar Juma'a da yamma aka yayyafa ruwa aka sake shara. Na leƙa ta zaure na ga lungu fes, fari tas kamar ana jiran amarya. Har iska daban take shigowa.

Ranar Asabar motarsu ta tsaya a inda juji yake a da. Darakta ya sauko, ya duba gabas, ya duba yamma, ya fito da waya ya dubi hoto, ya sake duban lungu. Sai ya ɗora hannu biyu a ka.

"Kaka, ina jujin?"

"Mun kwashe. Ba sai ka gode ba, ɗan nan, yi wa kai ne."

"Innalillahi. Kwatar fa?"

"Ga ta nan, ko fura ka zubar a ciki za ka iya kwasa."

Mutanensa suka fashe da dariya, shi kuwa ya zauna a kan dakali kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce shi dattin ya zo nema. Ya ce ya zaga unguwa da yawa bai ga inda ya yi masa kamar nan ba, yanzu kuwa ba shi da mafita sai ya koma wani garin da ya gani tun farko, a can kuma ya nemi wani yaron.

Ina tsaye a bayan ƙyauren zaure, ta kafar da ke jikinsa nake hangen yaron nan. Tun asuba ya tashi ranar, abin da ya daɗe bai yi ba. Da ya ji maganar sai na ga fuskarsa ta koma irin wadda yake shigowa da ita daga kango. Na san in motar nan ta juya, inda zai nufa.

Shi ne ya yi magana. Ya ce, "Oga, in shara ce matsalar, akwai ta a bayan tasha, ba mai so. Ka ba ni zuwa azahar."

Kaka ta buga sanda a ƙasa. "A dawo mana da juji? Bayan bayana ya kusa karyewa?"

"Tsohuwa, ke da ko tsinke ba ki ɗauka ba, baki kawai kika sa."

"Bakin shi ya kwashe jujin, ja'iri."

Aka yi ta ja-in-ja har mai unguwa ya iso. A ƙarshe ga yadda aka daidaita: za a kawo sharar, amma aro aka ba su lungu, ba kyauta ba. Da safe a baza, kafin magariba a tattare a ɗure a buhu a jingine a bayan kango. Kaka ta ce ko leda ɗaya ta kwana a ƙasa, kyamararsu ba za ta sake shigowa ba.

Yaron nan ya tafi kango ya taso abokansa duka. Su suka turo baro daga bayan tasha, su suka shafa wa farin bango laka da baƙin mai, mai shago yana tsaye yana salati a kan shuɗin ƙofarsa. Daga ranar aikinsu ke nan. Da sassafe su baza shara, suna gardamar inda gwangwani ya zauna jiya, don darakta ya ce dole kowane abu ya koma inda yake. Da yamma su tattare. Da rana a ba su shinkafa da wake tare da ma'aikata. Mutanen wasu unguwanni har zuwa suke yi kallon unguwar da ake shimfiɗa shara kamar tabarma a naɗe ta da yamma.

Ni ban fita kallo ba ko sau ɗaya. Uwa ba ta tsayawa cikin jama'a ta zuba wa ɗan farinta ido. Amma mafi yawan aikin a bayan katangarmu ake yi, ina daka ina jin muryarsa. Ashe yana da murya. A gida in ya yi magana, ciki-ciki yake yi. Can kuwa sai in ji yana ta da murya, yana kuka, yana zagin wani, sai a ce a tsaya, sai kuma in ji dariyarsa. Dariyar nan na fi saurare. Langa dai tana nan yadda take, don tare da su yake ci. Amma na san inda yake wuni, kuma da magariba a gajiye yake shigowa ya kwanta.

Kaka kuwa kullum da kujerarta take fita. Ranar da za a ɗauki inda wani da ya fito a matsayin kawun yaron zai mare shi, ba wanda ya tuna ya gaya mata. Hannun mutumin bai sauka ba sai ga sanda a gadon bayansa.

"Kaka, wasa ne!"

"Wasa da mari? Matso in yi maka irinsa, mai wuya kamar na zalɓe."

Daga nan suka mai da kujerarta bayan kyamara, suna saya mata goro don bakinta ya samu aiki. Ba a jima ba ta koyi abin da darakta ke faɗa in yana so a dakata. Da an kira sallah sai ka ji muryarta ta riga tasa: "A tsaya!" Kuma kowa sai ya tsaya.

Riga ɗaya yake sawa a fim ɗin, wata ruwan ƙasa mai gajeren hannu, ta yage daga kafaɗa har kusan ƙirji, duk baƙin mai a jikinta. Akwai wata yarinya cikin ma'aikatan da ke karɓarta kullum in an tashi. Ran nan an tashi a gurguje saboda hadari, ya shigo da ita a jikinsa, ya cire ya rataya a igiyar shanya ya shiga wanka, ya manta da ita.

Da sassafe na fito na ga riga a igiya. Ban yi wani dogon tunani ba. Riga ce mai datti a igiyata, kuma ta ɗana ce. Na jiƙa ta da ruwan zafi na cuɗe, na shanya a bakin murhu, kafin rana ta ɗaga ta sha iska. Na nemi zare ruwan ƙasa ban samu ba, sai wani kore da ya rage daga ɗinkin hula. Na zauna na ɗinke yagar, ƙanana-ƙanana, yadda ba za ta sake buɗewa ba. Na ninke na ɗora a kan langarsa.

Ina wanke-wanke ya fito ya gan ta. Ya ɗaga, ya daɗe yana duban kafaɗar. Sannan ya sa ta ya fita.

Ba a jima ba na ji salatin yarinyar nan daga bayan katanga. Sai muryar darakta. A nan na fara sanin cewa fim ba a jere ake ɗaukarsa ba. Abin da mai kallo zai gani a matsayin wuni ɗaya, ana iya ɗaukar rabinsa yau, rabinsa wani makon. Sun riga sun ɗauki yaro yana shiga wani gida da yagaggiyar riga, yau za su ɗauki fitowarsa. In ya fito da ɗinki, kowa zai ce aljani ne ya ɗinke a ciki.

"Dattin ba komai," in ji darakta, "a tumurmusa ta a ƙasa a shafa mai. Ga reza, farke ɗinkin nan mu fara, rana tana yi."

Sai darakta ya sake yi wa yaron magana.

"Kai, da kai nake."

"Ba zan farke ba, Oga."

"Me ka ce?"

"A sa mata datti, na yarda. Ɗinkin dai a bar shi."

Darakta mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya gaji, ga hadari yana korarsu kullum. Ya ɗaga murya ya ce shi ba zai lalata aikin mutane saboda zare ba, ko dai a farke ko a ajiye masa rigarsa kowa ya kama gabansa. Sai na ji ƙarar abu ya faɗi a ƙasa, na ji mutane suna kiran yaron, muryoyin suna nisa.

Kaka ta shigo tana haki. "Ke 'yar nan, kin ga aikin allurarki? Ya jefar da reza ya yi kango da rigar mutane."

Ban taɓa taka kangon nan ba. Na ɗauki mayafina na fita, hannuna ko bushewa bai yi ba. Na wuce ta gaban ma'aikata da kyamararsu, ban dubi kowa ba.

Shi kaɗai ne a ciki, sauran suna can wajen shararsu. Yana zaune a kan bulo, ga kwalabe warwatse a gefensa, amma hannunsa babu komai. Wannan na fara dubawa. Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallon bango.

"Kai, ba ni rigar nan in warware. Ban san ta aiki ba ce."

"Ki bar ta, Yaya."

"Zare ne kawai."

Ya shafa kafaɗar. "Tun ina firamare rabon da in sa abin da kika ɗinka."

Na ce, "Tun kana firamare rabon da ka bar riga a igiya."

Sai ya yi dariya, irin wadda nake ji ta bayan katanga, yau ga ta a gabana. Ni ma na rufe baki da mayafi. Ya ce, "Kuma ki rasa zaren da za ki sa sai kore? Kamar ciyawa ta tsiro a kan katangar ƙasa."

"Shi na samu. Wanda ba ya so ya kawo nasa."

Muna cikin haka sai ga Kaka, ta riƙo hannun darakta tana jansa kamar ɗan akuya. Darakta ya gaishe ni a ladabce, ya roƙi yaron ya matso ya ga ɗinkin. Ya daɗe yana dubawa. Fushin ya sauka, na ga bakinsa yana motsi kamar mai lissafi.

"Mama, ke kika yi wannan?"

Na ce ni ce, a yi haƙuri.

Ya ce a cikin labarinsu yaron yana da uwa, amma matar da ta fito a matsayinta ta gama nata ta koma Kano. Ya ce tun da ya fara aikin yake jin akwai abin da ya rage tsakanin uwar da ɗan, don duk inda suka haɗu faɗa suke yi. Ga shawararsa: a warware ɗinkin yanzu a ƙarasa abin da ya rage da yagaggiyar riga. Bayan nan a ɗauki wani wuri sabo, yaro yana barci, uwa tana ɗinke masa riga. Daga nan har ƙarshen fim da ɗinkin zai fito. Fuska ba za ta fito ba, hannu kawai yake so. Hannuna.

Na ce ni ban iya fim ba.

"Kin iya ɗinki ai, Mama."

Yaron ya ce, "In ita za ta warware, kuma ita za ta mayar, na yarda." Ya cire rigar ya miƙo mini. A nan bakin kango na warware da tsinin allura, na naɗe zaren a ɗan yatsa don kada ya ɓata.

Aka sake kiran babansa, yana kasuwar Mashi, kukan awaki har cikin wayar. "Hannu kawai?" ya ce. "To, hannun dai kowa yana ganinsa in ta miƙo tuwo. A yi."

Ana gobe za a ɗauka, Kaka ta kwaɓa lalle, ta aiko a aro mini zobe da awarwaro a maƙwabta. Allah ya sa yarinyar kayan sawa ta shigo shan ruwa ta gani. Ta fita a guje, sai ga darakta a zaure yana magiya.

"Kaka, don girman Allah, kada a yi wa hannun nan abin da aka yi wa lungu."

"Hannu duk kaushi za a nuna wa duniya?"

"Shi nake so, Kaka."

"Kai dai ɗan nan, Allah ya yaye maka son ƙazanta."

Kaka ta ƙunsa lallen a ƙafarta don kada a yi asararsa.

A ɗakina aka ɗauka, bayan azahar. Suka rufe taga da zane, suka kunna fitila ɗaya. Aka shimfiɗa tabarma ya kwanta da singileti, aka ce in zauna daidai kansa, rigar a cinyata. Tun da aka yaye shi ban zauna kusa da shi haka ba. Ina jin numfashinsa a gefen gwiwata. Ɗakin cike da mutane, ga zafi, na kasa ko zura zare. Aka yi ta maimaitawa, in ɗinka in warware. Kaka tana bayan kyamara, goro bai hana ta ba.

"Dubi barcin ƙarya. Mai barci yana haɗiyar yawu?"

Sai kafaɗarsa ta hau girgiza, a ce a tsaya, kowa ya dara, a sake. A haka hannuna ya saki, na manta da su, na yi ɗinkina yadda na saba. Har aka gama ban ɗaga ido na dube shi ba. Allura kawai nake kallo.

Da yamma na yi tuwon dawa da miyar kuka, na zuba masa na rufe na ajiye a inda na saba. Da safe na je ɗauka. Na tsaya na yi addu'ata, na ɗaga langar, tun kafin in buɗe na ji ba nauyi. An suɗe ta tas. Na koma madafa na zauna na ɗan jima kafin in hura wuta.

Da suka gama suka tafi, jujin bai dawo ba. Samarin sun saba da tattara shara, mai unguwa ya sa kowane gida yana ɗan ba su abin sabulu suna kwashewa. Ba duka suka shiryu ba, ba zan yi ƙarya ba. Shi ma yaron nan akwai ranakun da ya shigo da jan ido. Amma mutumin da ke kula musu da fitilu ya haɗa shi da wani mai aikin sola a nan cikin gari, ya kama, har ya kai ana tura shi ƙauyukan Baure shi kaɗai ya haɗa wa mutane wuta. Duk inda ya je, in dai zai kwana a gida, langarsa ba ta kwana da tuwo.

Bayan kaka suka dawo da majigi, aka kafa farin ƙyalle a filin makarantar firamare bayan magariba. An ce fim ɗin mai ban tausayi ne, an ce a wasu wurare mutane kuka suke yi. A unguwarmu dai dariya aka yi ta yi. Yaro yana gudu 'yan sanda suna binsa, mutane suna ihu, "Ga ƙofar mai shago!" "Wancan tsohon bokitin namu ne!" Samarin shara suna nuna gwangwanayensu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo wurin marin, filin gaba ɗaya ya juya yana kallon Kaka. Ina can baya cikin mata. Da hannuna ya fito, maƙwabciyata ta zungure ni, na ja mayafi na rufe fuska. An gaya mini a ƙarshe yaron cikin labarin mutuwa yake yi a bakin juji. Da na ga an doshi wurin sai na tashi na tafi gida. Har yau ban kalli ƙarshen ba.

Shekara uku ya yi bayan nan. Zazzaɓi ne, ya dawo da shi daga wajen aiki, aka kai shi asibiti, kwanan ya ƙare. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Kaka da ta bi shi kafin shekara ta zagayo.

Darakta ya zo gaisuwa daga Kano. Ya kawo mini rigar a cikin leda, da dattinta, ya ce bai bari kowa ya wanke ba. Ni ma ban wanke ba. Ya kuma sa wa ƙanwar yaron fim ɗin a wayarta, ya nuna mata yadda za ta kai daidai wurin da nake so.

In na gama aikin rana nakan ce ta kawo mini. Ta san wurin, takan kunna ta ba ni ta fita. Ga hannuna da kaushinsa, ga koren zare yana shiga yana fita. Amma ba hannun nake kallo ba. Yanzu babu jama'a, babu wanda zai ce uwa ta zuba wa ɗan fari ido, sai in kalle shi son raina. Ashe yana da ɗan tabo a gefen gira, ban san lokacin da ya samu ba. Masu kallo suna ganin yaro ne ya gaji yana barci. Ni kuwa ina ganin fatar idonsa tana rawa, gefen bakinsa yana motsi, don Kaka tana can baya tana tsokanarsa, shi kuma yana ta ƙoƙarin danne dariya har in gama ɗinkin.